Keken da Ya Kai Mai Zuma Kan Dutse

"Ɗaga shi tukuna, kafin ka yi mini dariya," in ji Mai Zuma.

Mai Walda ya ture baƙin tabaransa zuwa goshi, ya kashe inji, ya dubi abin da maƙwabcinsa ya jingine masa a ƙofar shago. Keke ne, ko a ce ya taɓa zama keke. Irin mai faɗin taya ɗin nan ne da ake hawan dutse da shi, sai dai tayar baya ta tsage har zare ya fito, sarƙar ta yi ja da tsatsa ta sandare, sirdin kuma ba abin da ya rage a kansa sai ƙarfe da guntun soso.

"Baba, wannan ai ba ɗagawa yake so ba, binnewa yake so."

"Ɗaga, na ce."

Ya sa hannu ɗaya ya ɗaga, sai ya daina dariya. Keken ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya ɗauki sufana ya ƙwanƙwasa jikin ƙarfen, ƙarar ta fito tas. Ya bi duk mahaɗar walda da babban yatsansa, bai ji tsaga ba.

"A ina ka samo shi?"

"Wurin masu tsofaffin ƙarafa. Ƙarƙashin wata matacciyar firji na zaƙulo shi. Su nauyi suke sayarwa, shi kuwa ba nauyi, ka ga ai na ci riba." Tsohon ya zauna a kan benci, ya daɗe yana mayar da numfashi kafin ya ƙara magana. "Ƙashinsa lafiya lau. Sauran duk tsoka ce, a hankali za mu mayar masa."

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, kuma Mai Walda bai taɓa jin an kira dattijon da wani suna ba sai Mai Zuma. Yana da amya goma sha biyu a kan dutsen da ke bayan gari, inda itatuwa ke fure ba mai damun su. Da ƙafa yake hawa tun yana da ƙarfi, bokiti a ka, sanda a hannu. Shekara biyu ke nan gwiwa da numfashi suka haɗa baki suka hana shi. Masu haya da babur ba sa zuwa can, sun ce hanyar tana cin taya, kuma shi da kansa ba ya so, don ƙudan zuma ba sa shiri da ƙarar inji da warin mai. Sai ya zauna a gida yana duban dutsen ta saman katanga kamar wanda aka raba da 'ya'yansa.

"To, in ƙafa ta kasa, keke ne zai iya?" in ji Mai Walda.

"Kai maƙeri ne amma ba ka san giyar keke ba. Ka ga waɗannan haƙoran na baya? In ka sa sarƙa a kan babban, ko jariri zai hau dutse. Sannu ba ta hana zuwa. Nan da mako shida zuma za ta nuna, ina so ta same ni a can."

Washegari suka kwance keken gaba ɗaya, suka jera kayansa a kan buhu a ƙasan shago, tsakanin ƙyauren da ba a gama ba da tulin guntayen rodi. Mai Zuma ya zauna da gwangwanin kananzir da tsohon buroshin haƙori, yana wanke boris ɗaya bayan ɗaya. Ya kasa kayan kashi uku: waɗanda za su rayu, waɗanda sai an nemo 'yan'uwansu a gwanjo, da waɗanda dole a sayi sabo. Kashi na ukun abu biyu ne kawai a ciki, sarƙa da robar birki.

"Sarƙa na yarda," in ji Mai Walda. "Amma robar birki akwai na hannu a kasuwa kamar ƙasa."

"Hawa ba ya kashe mutum, maƙwabci, saukowa ce ke kashewa. Birki ba na cin gwanjonsa."

Haka suka yi ta fama. Tayoyi biyu suka samo, ba uwa ɗaya ta haife su ba: ta gaba baƙa ce, ta baya kuwa gefenta ruwan ƙasa, amma duk biyun haƙoransu na nan. Ƙarfen gaba mai sifirin a ciki ya riga ya ƙage, ya ƙi motsi ko da an dake shi. Wani mai gyaran keke ya so ya sayar musu da sabo mai ƙyalli, Mai Zuma ya danna shi sau biyu ya ce wannan kwalliya ce, ba aiki ba. Suka cire na wani mataccen keke, ƙarfe zalla, suka saka. Auta, 'yar Mai Zuma ta ƙarshe, wadda ke ɗinki a ɗakin zaure tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ta yanka tsohuwar jakar fata ta rufe sirdin, ta yi masa ɗinki biyu-biyu. Mai Walda kuma ya yanko ƙarfen wani tsohon gado ya ƙera kariya mai ɗaukar bokiti biyu, ɗaya a kowane gefe.

Inna, matar Mai Zuma, takan leƙo ta ga mijinta hannu dumu-dumu da giris, ta ce, "Wai ni da wa aka yi mini aure ne, da mai zuma ko da bakanike? Duk rigunanka sun zama tsumma."

"Ki bari in dawo da zuma, za ki manta da riga."

Tana juyawa ciki tana murmushi. Ta faɗa wa matar Mai Walda cewa shekara biyu ba ta ga ya cinye abincinsa tas ba sai yanzu.

A mako na huɗu ne babban ɗan Mai Zuma ya zo daga garin da yake aikin ofis. Bai shiga gida ba sai da ya tsaya a shago, ya gaishe da Mai Walda har da rusunawa, sannan ya dubi keken da ke rataye a ƙugiya.

"Kawu, wurinka na zo. Ka san abin da likita ya ce game da zuciyarsa?"

"Na san yana haki."

"Ba haki ba ne kawai. An ce kada ya ɗauki ko bokitin ruwa. Na riga na samo wanda zai sayi amyoyin nan gaba ɗaya, ya huta. Ni ba ya jin maganata, amma kai yana ji. Ka ce masa keken ba zai gyaru ba. Don Allah, Kawu. In ya faɗi a kan dutsen nan, wa zai ɗauko shi?"

Idon yaron ya cika da ƙwalla, ko da yake shi ma furfura ta fara fito masa. Mai Walda ya koma kan aikinsa. Gaskiya ce ɗan ya faɗa, kuma shi ma ya sha ganin yadda leɓen tsohon ke canja launi in ya tashi daga benci da sauri. Ranar nan ya ƙona ƙyauren mutane har wuri biyu, abin da bai yi ba tun yana koyon aiki.

Da safe Mai Zuma ya fito da robar birkinsa sabuwa a aljihu. Mai Walda bai ɗago kai ba, ya ce, "Baba, na ga tsaga jiya. A ƙarƙashi, wajen feda. Ba zai ɗauke ka ba."

Tsohon ya sunkuya a hankali, ya shafa wurin da hannu, ya sake shafawa. Sannan ya koma benci ya zauna.

"Shekara nawa muna tare?"

"Ashirin da biyu."

"Ka taɓa yi mini ƙarya?"

Mai Walda ya kawar da kai.

"Shi ya sa ba ka iya ba. Ko kallona ba ka yi." Ya yi 'yar dariya, ba ta fushi ba. "Yaron nan ya zo wurinka, na sani. Ɗan kirki ne, tsoro yake ji. Amma ina cikin ɗakin lokacin da likita ya yi magana, kunnena ba a gida na bar shi ba. Ban ce keke zai ƙara mini kwana ba, kuma kujera ma ba za ta ƙara mini ba. Abin da aka rubuta an rubuta. Ni dai ba na so a ce wani baƙo ne ya buɗe amyoyin nan ya ga yadda na bar su shekara biyu. Kunya ce, maƙwabci. In ka ce ba za ka ƙarasa ba, ba zan riƙe ka ba. Sai in kai wa wancan mai kwalliyar."

"Allah ya kiyaye. Ya ɗaure maka birki da igiya?" Mai Walda ya miƙa hannu. "Kawo robar. Amma da sharaɗi. Ranar da za ka hau, ƙafata ƙafarka."

"Kana tsoron ƙuda."

"Ina tsoro. Zan je dai."

Mai Walda da kansa ya kira babban ɗan a waya ya ce masa bai iya hana tsohon ba. Yaron ya ce, "To, Kawu," ya kashe.

Suka ƙarasa aikin cikin kwana tara. Giyar ce ta fi ba su wahala, sarƙa tana tsallake babban haƙori tana faɗawa cikin wayoyin ƙafa, sai da suka kwana biyu suna juya ɗan ƙaramin noti kwata-kwata kafin ta zauna. Mai Zuma ya fara gwadawa a layi, daga ƙofar gida zuwa famfon unguwa ya dawo. Mai shayi da tela da masu zama a gindin bishiya suka yi ta tafi suna tsokanarsa, wani ya ce a ba angon keke hanya. Shi kuwa ko a jikinsa, ƙafar wandonsa cikin safa, bayansa a miƙe.

Ranar hawan, gari na wayewa Mai Walda da Auta suka riga shi fita da ƙafa, don kada ya jira su. Auta ce ta ce ita ma sai ta je, ta ɗinka musu hulunan raga da tsohon gidan sauro. Hanyar ta bi ta bayan ma'aikatar fasa dutse, ta zama tsakuwa, ta zama 'yar siririya mai ramuka da ruwa ya ci. Ba su kai rabi ba Mai Walda ya jiƙe sharkaf, yana dafa gwiwa. Yana ta waige, zuciyarsa na raya masa abubuwa marasa daɗi.

Sai suka ji ƙarar tsakuwa a bayansu.

Ga shi nan tafe. Ƙafafunsa na juyawa da sauri-sauri, keken kuwa na tafiya kamar hawainiya, bokitai biyu na ƙwanƙwasa kariya. Bai yi sauri ba, bai kuma tsaya ba. Ya zo dab da su, gumi na bin gemunsa, ya dubi Mai Walda ta gefen ido.

"Sannu, tsoho. In aiko maka da jaki?"

Ya wuce su. Auta ta sa hannu a baki tana dariya, hawaye na zuba. Mai Walda ya tsaya yana kallon kariyar da ya ƙera tana hawa gangaren da babur ke tsoro, ko girgiza ba ta yi, sai ya ji ƙirjinsa ya cika da wani abu da bai taɓa ji ba a kan duk ƙyamaren da ya yi wa masu kuɗi.

Sun same shi zaune a kan wani faffaɗan dutse, ya sha maganinsa, numfashi ya dawo. Bai taɓa amya ko ɗaya ba, yana sauraro ne kawai. Biyu ƙudan sun gudu sun bar su, gara ta ci ƙafar ɗaya daga cikinsu. Sauran goman kuwa sun cika har murfi ya manne. Ya kunna hayaƙi, ya ce wa Auta ta matso.

"Kada ki tsaya a ƙofarsu, ba wanda ke son a tare masa ƙofar gida. Ta baya. Hayaƙi kaɗan, sallama ce, ba yaƙi ba. Wannan saƙar da aka rufe da fari ita ce ta nuna. Wannan mai duhun 'ya'ya ne a ciki, ba a taɓawa. Kuma kullum ki bar musu nasu, su ma da iyali."

Hannun Auta bai yi rawa ba, hannun mai zare da allura ne. Mai Walda kuwa ya tsaya can nesa da hularsa ta raga, duk da haka wani ƙudan zuma ya sami hanya ya harbe shi a leɓe. Kafin su sauko leɓen ya yi kamar na raƙumi. Mai Zuma ya yi dariya har sai da ya riƙe ƙirji.

"Shan zuma sai da harbi. Kai ka biya mana gaba ɗaya."

Saukowar ce Mai Walda ya fi jin tsoro. Bokitai cike, gangare kamar bango. Amma tsohon ya matsa baya a kan sirdi, yatsu biyu a kan kowane birki, ya gangara a hankali kamar mai saukar da amarya daga mota. Birkin ko kuka bai yi ba.

Sau biyar ya sake hawa a cikin mako ukun da suka biyo baya, sau biyu tare da Auta, saura shi kaɗai. Ya gyara ƙafar amyar da gara ta ci, ya share ciyawa, ya kai musu kwanon ruwa. Duk gidan da ke layin ya sami kwalbar zuma. Ta Mai Walda ta fi ta kowa girma, aka ce ta jinyar leɓe ce.

Ba a kan dutse ya rasu ba. Wani hantsi ne, Mai Walda yana yankan ƙarfe, sai ya ji muryar Inna ta saman katanga. Ba ihu ta yi ba, kiransa kawai ta yi sau biyu, amma yadda ta kira ɗin ya sa ya ajiye inji bai ko kashe wuta ba.

Mai Zuma na zaune a kujerarsa a inuwar tsakar gida, kansa ya ɗan karkata, hannayensa a kan cinya. A gabansa zuma na ɗiga daga ƙyallen tacewa zuwa cikin roba.

"Ce mini ya yi in kawo masa wata robar, wannan ta kusa cika," in ji Inna. Robar tana hannunta har yanzu. "Shiga ɗaki kawai na yi."

Mai Walda ya taɓa wuyansa, ya riƙe hannunsa, ya daɗe a haka. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce, sannan ya rufe masa ido. Auta ta fito daga ɗakin ɗinki da tef a wuya, ta durƙusa ta kifa kanta a gwiwar uban.

Layin ya cika kafin azahar. Har masu tsofaffin ƙarafa sun zo, har mai gyaran keken nan da aka ƙi kayansa. Bayan an dawo daga binne shi, Mai Walda ya zauna a ƙarshen tabarma yana kauce wa idon babban ɗan. Ya riga ya shirya a ransa cewa duk abin da yaron ya faɗa masa zai haɗiye. Da mutane suka ragu, sai ga shi ya taso, ya tsaya a gaban keken da ke jingine a zaure.

"Kawu, kai ka yi wannan kariyar?"

"Ni na yi. Keken ma da hannuna a ciki, ba zan ɓoye maka ba. In akwai laifi, nawa ne."

Yaron ya shafa sirdin fatar. "Ka san Baba bai taɓa kirana a waya ba? Kullum ni ke kira, ya ce lafiya lau, ya miƙa wa Inna. Makon jiya ina cikin taro sai ga kiransa. Gabana ya faɗi, na fito da gudu. Sai na ji iska tana kaɗawa, ya ce, 'Faɗa mini inda nake.' Na ce ban sani ba. Ya ce, 'Saurara,' ya kai wayar bakin amya." Muryarsa ta karye, ya yi dariya a cikin kukan. "Minti guda ina tsaye a barandar ofis ina jin kukan ƙudan zuma. Da na koma ciki na faɗa wa duk wanda ke wurin: ubana shekara saba'in da huɗu, yana kan dutse a kan keke."

Ya kama hannun Mai Walda da hannu biyu. "Na gode da ka ƙi jin maganata."

Mai sayen amya ya zo bayan kwana goma, Auta ta fita ta ba shi haƙuri da kanta. Washegari da safe ta turo keken zuwa shago, ta sa dogon wando a ƙarƙashin rigarta.

"Kawu, sirdin ya yi mini tsawo. Ƙafata ba ta kai feda."

Ya kwance notin, ya sassauta sandar, ya sauke ta kamar faɗin yatsu uku. Ta hau, ya ce ta sauka, ya ƙara ɗaya, ya ɗaure tam. Ya matsa birkin gaba da na baya, ya duba iskar taya.

"Kin iya sauya giya?"

"Ya nuna mini. Kafin a fara hawa ake sauyawa, ba a tsakiya ba."

"To, Allah ya tsare."

Ta tafi tana ɗan tangaɗi, ta kauce wa wata akuya da ƙyar, ta miƙe daga wajen famfo. An yi yayyafi da asuba, ƙasar layin da sauran danshi. Mai Walda ya tsaya a ƙofar shago da sufana a hannu yana duban sawun da ta bari, layi biyu masu zane daban-daban, suna haɗuwa suna rabuwa har kwanar da ta nufi bayan gari.